Yadda Baffa Ya Mayar Da Ni Likitan Ido

Da na dawo daga karatu a ƙasar waje, gidanmu na Koki na sauka, don jami'ar da ta ɗauke ni koyarwa ba ta ba ni masauki ba tukuna. Mahaifina ya riga ya rasu, saboda haka babba a gidan shi ne wansa, wanda muke kira Baffa. Tsohon ɗan kasuwa ne, ya sayar da atamfa har ciwon gwiwa ya zaunar da shi a zaure. Halinsa ɗaya da kowa ya sani: in ka yi masa bayani, abin da ya ga dama shi yake ɗauka, sauran kuma ya bar maka kayanka.

Washegarin saukata ya sa aka kira ni.

"To, Dakta," in ji shi, don tun ranar da aka ce masa na gama digiri na uku ya daina kiran sunana, "duk shekarun nan da ka yi, me ka karanto mana?"

Na gyara zama. Na ce, "Baffa, a cikin wayar hannu da kwamfuta akwai wani ɗan falle kamar farce, shi ne ƙwaƙwalwarsu. Saƙo yana yawo a cikinsa ta siraran hanyoyin tagulla, lantarki ne ke ɗauke da shi. In saƙon ya yi yawa sai tagullar ta ɗau zafi, ta yi ta cin wuta. To yanzu manyan kamfanoni so suke haske ya ɗauki saƙon. Ana sassaƙa masa hanyoyi a jikin fallen, waɗanda gashin kai ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Ni aikina a bakin ƙofa yake. Wurin da haske zai fito daga zaren gilashi ya shiga fallen, da yawansa yana zubewa, ni kuma ina neman yadda za a rage asarar."

Baffa ya yi ta gyaɗa kai har na gama.

"Haske dai ke nan," ya ce.

"Haske ne, Baffa, amma ba irin..."

"Alhamdu lillahi. Dama abin da unguwar nan ta rasa ke nan."

Bayan sallar la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya sanar da jama'a cewa ɗansa ya dawo da digirin haske. Kafin mako ya zagayo zaurenmu ya koma kamar rumfar 'yan gwangwan. Tocila mai caji da ta daina kamawa, ƙwan fitila da ya ƙone, fitilar sola da akuya ta taka, har da wata tsohuwar talabijin da aka ce hotonta ya yi duhu. Zan dawo daga aiki a gajiye in tarar Baffa ya jera su a kan tabarma, kowanne ya san mai shi. In na ce ban iya ba, sai ya yi murmushi ya ce wa mai kayan, "Kunya gare shi, tun yana yaro haka yake."

Akwai mai gyaran rediyo da tocila a kan hanyar Shahuci, mutumin kirki, gwani kuma. Na riƙa tura masa mutane. Sai su je su dawo su ce ai shi bai shiga jirgi ba. Shi kuwa da ya ji ana cewa wani Dakta ya buɗe gyara kyauta a Koki, sai ya daina amsa gaisuwata. Ban gyara ko tocila ɗaya ba, amma na yi abokin gaba a sana'ar da ban taɓa shiga ba.

Ana cikin haka wani kamfanin sadarwa ya zo ya haƙa rami a gefen titinmu, ya binne wata baƙar waya, ya tafi. Nan take magana ta tashi. Wasu suka ce tagulla ce zalla a ciki, wasu suka ce an binne ta ne don a riƙa jin hirar mutane. Mai unguwa ya damu, don ya ji ƙishin-ƙishin wasu na shirin tone ta su kai wa 'yan gwangwan. Ranar wata Asabar da hantsi sai ga shi a zaurenmu, shi da Liman da dattawa, riƙe da guntun wayar da ma'aikatan suka yar.

"Dakta, duba mana. Mene ne a ciki?"

Wallahi daɗin da na ji ranar ba ya misaltuwa. Tun dawowata sai yau aka yi min tambayar da na san amsarta. Na fere guntun da reza, na zaro musu zaren gilashin, siriri kamar gashi. Na ce babu tagulla ko ta kwabo, wanda ya tone ta ya sha wahalar banza. Na ce haske ne ke gudu a ciki, yana ƙyaftawa da saurin da ido ba zai kama ba, ƙyaftawar nan kuma ita ce saƙon.

Liman ya juya zaren a tafin hannunsa. "Malam, haske ai miƙewa yake. Wayar nan kuwa mun ga ta sha kwana wajen famfo. Ya zai bi ta?"

Na ce su ba ni minti kaɗan. Na shiga gida na ɗauko robar ruwa, na huda gefenta da ƙusa, na ɗauko daro da 'yar jar fitilar nan mai kamar biro da nake nuna rubutu da ita a aji. Na tura ƙyauren zaure. Zaurenmu irin na da ne, ba taga, ko da rana in ka rufe sai ya yi duhu. Na cire yatsana daga hudar, ruwa ya tsarto ya lanƙwasa zuwa cikin daro. Na saita fitilar ta bayan robar daidai hudar. Sai ga jan haske ya shiga ruwan, ya bi lanƙwasar, ya sauka a tsakiyar daro kamar garwashi.

Dattawan suka matso suna leƙa daron. Can Liman ya ce, "Ikon Allah."

Mai unguwa ya ce ya gamsu, zai gaya wa matasa su bar wayar mutane. Ni kuwa har na fara jin cewa yau an gane ni. Sai wani dattijo ya tambayi sunan fitilar.

Na ce, "Lesa ake ce mata."

Baffa ya miƙe zaune. "Lesa? Ba da ita aka yi wa Alhajin gidan bene aikin ido ba?"

"Da danginta ne, Baffa, amma waccan..."

"Allahu Akbar! Kuma tana aljihunka duk kwanakin nan ka yi shiru?"

Daga ranar tocila ta ragu, tsofaffi suka ƙaru. Mata ta cikin gida suke biyowa, su zauna wajen mahaifiyata, wadda muke kira Inna, su sha ruwa, su yi gaisuwa mai tsawo, sannan a ce a kira Dakta. Na yi bayani har muryata ta dishe. Na ce ni ba likita ba ne, daktan karatu ne. Na ce wannan fitilar in aka haska ta a ido illa za ta yi, ba magani ba. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa Inna, "Haka suke in sun yi ilimi, sai masu kuɗi suke dubawa." Bayan sun tafi, ni Inna ta yi wa faɗa, wai in dinga sassauta murya.

Sai Gwaggo ta zo. Ƙanwar Baffa ce, tana aure wajen Ƙofar Ɗan Agundi, ita ta yi rainona lokacin da Inna ta yi wata doguwar jinya. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. 'Ya'yanta sun yi sun yi ta je asibiti ta ƙi, ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido tana raye.

"Zo nan, ɗan nan," ta ce, tana lalubar hannuna. "An ce kana da abin da ake haskawa ba yanka. Haska min in tafi, na bar tuwo a wuta."

Na durƙusa na yi mata bayani a hankali, kamar yadda Inna ta ce. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta saki hannuna.

"Bayan nan nawa ka yi wa fitsari," ta ce. "Yau ni kake wa rowa."

Ta ƙi komawa gidanta. Ta ce tana nan har sai na sauko.

Ranar Litinin ina tsaye gaban ɗalibai na laluba jaka ban ji fitilar ba. Nan take na tuna da Baffa da Gwaggo. Na sallami ajin, na tari adaidaita sahu, duk cunkoson da muka shiga ji nake kamar in sauka in ruga. Ina shiga gida na tarar da abin da nake tsoro. An shimfiɗa wa Gwaggo tabarma a ɗakin Inna, an sauke labule, ta ɗaga fuska sama ta buɗe ido da yatsu biyu. Baffa na tsaye a kanta da gilashinsa a karan hanci, yana jujjuya fitilar yana neman wurin kunnawa. Allah Ya taimake ni maɓallin ƙarami ne, yatsunsa kuma sun tsufa.

"Baffa!"

Ban san na iya irin wannan tsawa ba. Na fizge fitilar daga hannunsa. Na ce, "Makantar da ita za ka yi! Idon da ya rage mata shi za ka ƙone!"

Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya dube ni, ya dubi hannunsa, ya ce, "To ai da ka faɗa."

Na jefa fitilar a aljihu. Wata guda ke nan ina faɗa masa.

Tsawar ce ta yi abin da bayani ya kasa. Gwaggo ta tsorata, ta ce in dai abin har haka ne, za ta je asibitin, amma da sharaɗi: ni zan kai ta, kuma in tsaya a kan likitocin kada su yi mata garaje. Na ce na yarda. A lokacin ko cewa ta yi in goya ta zuwa can, zan goya.

Likitar da ta duba ta wata matashiya ce mai fara'a. Na ja ta gefe na gaya mata halin da nake ciki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta koma ta ce wa Gwaggo, "Hajiya, kwantar da hankalinki, Dakta yana nan bakin ƙofa." Aka sa rana, aka yi aikin. Ko lesar ma ba a yi amfani da ita ba, cire yanar aka yi aka sa mata ɗan gilashi a ciki. Ni kuwa ina kan benci a waje ina duba takardun jarrabawar ɗalibai.

Da aka cire mata bandeji, ni ta fara gani. Ta ƙura min ido ta daɗe.

"Ashe sanƙo ka yi," ta ce. "Ba wanda ya gaya min."

A hanyar gida na roƙe ta, na ce don Allah in an tambaye ta ta faɗi gaskiya, likita ce ta yi aiki, ni rakiya kawai na yi. Ta ce to, ta ji. Asabar ɗin da ta biyo baya ina karyawa aka ce ana sallama. Na fita na tarar da adaidaita sahu a ƙofar gida, Gwaggo a ciki da maƙwabtanta biyu, kowacce da sandarta da ƙullin goronta.

"Ga su nan," ta ce. "Na gaya musu ba ka son a faɗa."

Na tsaya da kofin shayi a hannu ina kallonsu. Ɗaya daga cikinsu ta juyo da fuska wajen da take zaton nake, tana murmushi, idanunta fari fat. Na koma ciki na ajiye kofin, na sa hula, na fito na ce wa direba ya matsa min in zauna a gefensa.