Kukan Sitiyarin Motar Yaya

Har yau ba na cin kitse. In mai tsire ya yanko mini da fari-fari a jiki sai in ce ya mayar, jikoki su yi ta dariya wai tsufa ne. Ba tsufa ba ne, wata tsohuwar a-kori-kura ce ta ja mini.

Motar ta yayana ce, ni kuwa direbanta. Shekarun nan ne na bayan babban fari, ba a daɗe da komawa naira ba. Ran Alhamis in ɗebi 'yan kasuwa daga Gumel zuwa Maigatari, sauran ranaku in bi ta Gagarawa in kwaso hatsi da awaki. Komai na motar nan ƙara yake yi, amma kukan sitiyarinta daban ne. Da ka karya kwana sai ka ji ƙiiiƙ, kamar ana jan ƙyauren langa-langa, har cikin haƙoranka.

A lokacin matata tana da ƙaramin ciki, na fari. Tana da wani rago fari mai baƙin wuya da ta turke tana ba shi dusa da harawa, ta ce shi za a yanka ran suna. Wata rana ya tsinke ya faɗa wa buhun gero, ya ci har cikinsa ya kumbura, kafin a zo da wuƙa ya riga ya zama mushe. Ta yi kuka sosai. Yaya ya ce kada in damu, shi zai sa a mota ya kai daji ya yar. Na gode masa, har ina cewa ashe yana da kirki.

A makon ne na sake yi masa maganar sitiyari, na ce a kai gareji. Yaya, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai maƙo na ƙin ƙarawa. Ya ce, "Kai dai raki gare ka. Bar mini makulli." Washegari kuka ya ɗauke ɗif. Sitiyari ya yi laushi, da yatsa ɗaya ma sai ka juya shi.

Bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. Ba a jima ba na fara jin maiƙo a tafin hannuna, da wani ɗan bashi-bashi a gaban mota. Wanda ke wuni da awaki da buhunan daddawa me zai dame shi? Sai in goge da tsumma, in shafa a jikin riga, in ci gaba. Hancina ya saba, na matata ne bai saba ba.

Da na yi sallama na shigo gida sai ta toshe hanci ta nufi bayan ɗaki tana kelaya amai. In na taɓa kwano, ta bar abincin ke nan. Ko moɗa na riƙe ba za ta sha ruwa da ita ba. Ta ce, "Malam, wallahi warin mushe kake yi." Na ji haushi ƙwarai. Ni da nake wanka da sabulun salo safe da yamma! Na ce mata iyayi ne kawai na masu ciki. Ita kuwa sai ramewa take yi, idanu suka zurma, wuya ya zama kamar sillen kara. Daga ƙarshe mahaifiyarta ta zo daga Ɗanzomo ta tafi da ita. A zaure surukar tawa ta ce da ni, kanta a sunkuye, "In ta ci gaba a haka cikin nan ba zai zauna ba." Mata kuma suka shiga tsegumi, masu cewa sammu ne, masu cewa ta tsane ni ne kawai.

Ana cikin haka kukan sitiyari ya dawo, ya fi na da muni, har da wani ƙas-ƙas a ciki. Raina a ɓace yake dama, ban nemi izinin kowa ba na wuce garejin wani abokina a Gumel. Muka ɗaga gaban motar da jak. Ya girgiza tayoyi, tayarod, ƙarfen da ke haɗa su da sitiyari, lafiya lau. Ya leƙa akwatin sitiyari a ƙasa, da mai a ciki. Ya ce in juya a hankali, shi kuma ya bi sandar sitiyarin da kunne tun daga ƙasa har sama. Da ya iso daidai ƙarƙashin inda nake riƙewa sai ya ɗago da sauri yana yamutsa fuska. "A nan kukan yake, bushin sama da sandar ke juyawa a ciki ne ya cinye. Amma kai, me ya mutu a nan?"

Ya ɓalle murfin ham da ke tsakiyar sitiyari, ya kwance babban noti, muka ja sitiyarin tare ya fito.

Wa'iyazu billahi! Wari ya buge mu kamar an buɗe masai. An cusa kitse a bakin bututun da sandar ke ciki, an danna shi da tsinke har ciki. Zafi ya narkar da rabi, shi ne yake tsattsafowa hannuna. Sauran ya yi kore, ya kama yashi, tsutsotsi farare suna ta motsi a ciki. Abokina ya sa sukundireba ya zaƙulo wani dunƙule, sai ga guntun fata manne da shi, da gashi fari da baƙi. Na gane gashin nan. Na durƙusa a gindin taya na amayar da duk abin da na ci.

Da hannun nan nake cin tuwo. Da shi nake shafa fuska in na idar da salla. Da shi na riƙa miƙa wa yarinyar nan ruwa ina ce mata iyayi take yi.

Mun ƙarar da kananzir mai yawa kafin ƙarfen ya fito fes. Ya buga sabon bush, ya cika shi da girisi na gaskiya, ya ɗaure. Tsit, ko ƙis. Tsumman da rigunan aikina a nan na cinna musu wuta.

Na sami Yaya a ƙofar gida yana cin goro. Na ajiye masa dunƙulen a gabansa cikin gwangwani. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "To me? Maiƙo ai maiƙo ne. Ci ka yi?" Na ce, "Yaya, ragon sunan ɗana ne fa, mushe!" Ya ce ai gara da ya yi amfani da a bar wa ungulu. Tir! Ban ƙara haɗa kwano da shi ba har ya bar duniya.

Na dirje hannuwana da toka da lemon tsami har suka yi ja, na ari riga, na hau motar wani zuwa Ɗanzomo. Aka fito da matata zaure a riƙe, da ƙyar take tsayuwa. Ban matsa ba. Daga bakin ƙofa na miƙa mata tafukana biyu. Ta matso a tsorace, ta sunsuna ɗaya, ta sunsuna ɗayan, ta daɗe.

Ta ce, "Kananzir."

Sai ta juya wajen mahaifiyarta ta ce, "Inna, akwai sauran fura?"

Ni na dama mata, da hannuna, ta shanye tas. Ba ta tambaye ni mushen mene ne ba, ni ma ban taɓa gaya mata ba.