Na'a-na'a a Cikin Bututu

Shekarar da maigidana ya rasu, a gidanmu na Rurum Tsohon Gari na yi takaba. Da farko gida cike yake da 'yan gaisuwa, har tabarma ta yi mana kaɗan. Bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa, aka bar ni daga ni sai kaji.

'Yata ta fari, wadda ke karatun aikin gona a Kano, ita ce ta zo wata Asabar a kan babur, da dogayen bututun roba ɗaure a baya. Ta huda su, ta jera a jikin katangar madafi, ta saka ƙananan kofuna cike da ɓuntun shinkafa a ramukan, ta shuka na'a-na'a da ɗoɗɗoya da lansir a cikinsu. Ta ajiye bokiti a ƙasa da ɗan famfo mai aiki da hasken rana.

Na ce, "Ina ƙasar da za su kama?"

"Babu ƙasa, Inna. Ruwan nan da takin da na narka a ciki su ne abincinsu. Zagayawa yake yi ya dawo bokiti, ba ya ɓacewa."

Bazara ce, rijiyarmu ta ja baya, guga sai ya kwaso laka. Ban yarda da zancenta ba, amma na ƙyale ta, don na ga so take ta bar min wani abu kafin ta tafi. Washegari ta koma makaranta.

Na'a-na'a ce ta fara kamawa, sai ɗoɗɗoya. Lansir kuwa ya ƙi, ya yi rawaya ya mutu. Da hantsi, idan rana ta bugi farantin da ke ba shi wuta, famfon yakan tashi, ruwa ya fara 'yar ƙara a cikin bututu. Nakan jawo kujera in zauna. Wani lokaci in ɗaga kofi ɗaya in duba saiwoyin, farare tas, in mayar. Akwai ranakun da ban yi magana da kowa ba sai da na ji kaina ina yi wa lansir faɗa.

Ganye ya yi yawa har ya fi ƙarfina. Wata rana wata Bafulatana mai tallan nono ta shigo neman ruwan sha. Ta tsaya ta daɗe tana kallon katangar, sannan ta murza ganye ɗaya ta shinshina.

"Hajiya, ke kaɗai ce a gidan nan?"

Na ce eh.

Ta sauke ƙwaryarta. Na dafa mana shayi, ta sha tana ba ni labarin saniyarta da ta ƙi shayar da maraƙi. Na cika mata leda da na'a-na'a. Ta riƙa zuwa duk ranar kasuwar Rano, har damina ta faɗi, mutanensu suka tashi da shanu zuwa wani wuri. Ba ta zo sallama ba, ina jin tashin ya zo musu da gaggawa.

Na fita takaba, 'yata ta ce in dawo Kano wurinta. Na ce mata sai na samu wanda zai riƙa ƙara wa bokitin ruwa. Ban nemi kowa ba.