Kwaɗo da Foldar Asibiti

Yayana tun yana yaro ake ce masa Kwaɗo, ba na ruwa ba, na kulle ƙofa. Akwatin littattafansa ma sai da ya sa wa makulli, kamar akwai mai sha'awar satar lissafi a gidanmu. Da ya girma ya samu aikin kula da kwamfutoci a wani kamfanin gine-gine, muka ce hali ya gamu da sana'a.

Abin da ya tarar a can ya ɗaga masa hankali. Duk takardun kamfanin suna zube a folda ɗaya, farashin kwangila, zanen gini, har takardun asibitin ma'aikata, kuma kowa na iya buɗewa daga teburinsa. Ya zauna ya rarraba su, kowane sashe da foldarsa, kowane mutum da iyakar inda zai shiga. Ya ce aiki ne ke ba da izini, ba girman kujera ba. Foldar asibiti kuwa ya bar wa jami'ar ma'aikata ita kaɗai.

A cikin foldar nan akwai tasa takardar. Shekara da shekaru shi da matarsa ba su samu haihuwa ba, likita kuma ya ce matsalar daga shi ce. A dangi mu uku muka sani, ni da shi da ita, haka yake so abin ya tsaya.

Sai ga mataimakin manaja, ƙanin matar mai kamfani, mutumin da aikinsa bai wuce yawo da kofin shayi daga ofis zuwa ofis ba. Ya danna foldar, kwamfuta ta ce ba shi da izini. Wai an ci mutuncinsa a gaban yaran ofis. Ya kai ƙara, mai kamfani ya kira Yaya. Yaya ya yi bayani har bakinsa ya bushe, ya ce sirrin mutane ne a ciki, kuma babu abin da ya haɗa aikin mataimakin da wurin.

Mai kamfani ya ce, "Ka buɗe masa kawai. Ba dubawa zai yi ba, girmansa ne."

Da hannunsa Yaya ya buɗe. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Mako bai zagayo ba aka san wanda ke shan maganin hawan jini da wadda ta yi ɓari. Ranar da Yaya ya shiga ɗakin cin abinci, hira ta tsaya cak. Wani daga baya ya ce ashe Kwaɗo har gida ya kulle, aka kwashe da dariya.

Kamfanin ya yi taro, aka yi Allah wadai da gulma, ba a ambaci sunan kowa ba. Sannan aka umarci Yaya ya ƙara tsaro, kamar shi ne ya yi sakaci. Mataimakin yana nan da kofinsa, duk lokacin da ya manta kalmar sirrinsa Yaya ake turawa ya gyara masa.

Na ce wa Yaya ya ajiye musu aikin. Ya girgiza kai, ya ce idan ya tafi wa zai tsare sirrin sauran.

Na ce, "To naka fa?"

Ya ce, "Nawa ya riga ya fita."

Tun daga ranar ban sake kiransa Kwaɗo ba, kuma duk wanda ya kira shi haka a gabana sai mun yi faɗa.