Tawada a Goshin Mai Rini

A zamanin Uban Ƙasa ba a taɓa fasa zaɓe ba, wannan kam a yaba masa. Akan kafa rumfa, a ba kowa takarda mai suna ɗaya don kada a wahalar da jama'a da tunani, sannan a tsoma wa mutum yatsa a shuɗiyar tawada. Washegari 'yan kwamitin unguwa su bi gida-gida suna duba hannuwa. Wanda aka samu yatsansa fes, sai a gayyace shi ofis ya yi bayani. Mijin Mai Rini yana cikin waɗanda aka gayyata, kuma har yau bai gama bayanin ba.

Tun daga nan Mai Rini ta rantse ƙafarta ba za ta taka rumfar zaɓe ba. Sana'arta sabunta kayan da suka koɗe: wandon makaranta, rigar lebura, labulen da rana ta cinye. Tana da duro biyu a bayan gida, da murhu, da doguwar sandar juyawa, da igiyoyin shanya. Safar hannu kuwa, ta ce tana hana ta jin ko kala ta kama. Don haka hannuwanta shuɗi ne har gwiwa, farce da komai. Ranar duba yatsa sai ta miƙa duka goman, ta ce a zaɓi wanda ya yi.

Mai dubawar ƙanin mijinta ne, wanda unguwa ke kira Kwamiti. Yakan kalli hannun ya jinjina kai, ya ce da kowa kamar matar yayansa yake, da ƙasa ta wuce nan. Har takardar yabo ya taɓa kawo mata. Da ita ta toshe tagar da ta fashe.

Da gwamnati ta faɗi, Kwamiti ne ya fara sauke hoton Uban Ƙasa daga bango, ya kuma shaida wa kowa cewa dama can shi a zuciyarsa bai yarda ba. Kafin a sa ranar zaɓen majalisar dattawa har ya sami sabuwar jam'iyya da sabuwar hula.

Mai Rini tana juya duro tana sauraron 'yan takara a rediyo. Cikinsu akwai wata lauya da ta ce idan ta shiga majalisa za ta tambayi inda aka kai waɗanda aka gayyata. Ba ta ce za ta dawo da su ba, shi ya sa Mai Rini ta yarda da ita. Ta ajiye aiki don shirin zuwa zaɓe, ta kama dirzar hannuwanta da toka da lemun tsami da dutsen goge kaushi. Fata ta saɓule, shuɗin yana nan.

A wani ajin firamare aka yi zaɓen. Malamar zaɓe, yarinya mai ladabi da bin doka, ta juya hannun gaba da baya, ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, mai tawada a yatsa ya riga ya yi."

Kwamiti yana zaune a bencin wakilan jam'iyyu, ya kuma san wadda za ta zaɓa. Ya gyara hula ya ce shi shaida ne, wannan baiwar Allah ba a taɓa riga ta jefa ƙuri'a ba.

"Ƙanina," in ji Mai Rini, "hannu ka gani ko ni ka gani? Tashi ka rantse ka taɓa ganin ƙafata a rumfa."

Bai tashi ba. Ita kuwa ta ja benci ta zauna a gaban akwati, ta ce ta daɗe tana jira, ƙarin yini ɗaya ba zai kashe ta ba.

Daga cikin layi wani tela ya yi gyaran murya, ya ce ba ta taɓa zuwa ba, domin duk ranar zaɓe a bayan gidanta yake samun ta idan ya je tsoma yatsansa a duro. Mai gyaran keke ya ce shi ma. Unguwarzoma ta ce ita da 'ya'yanta duka. Aka yi ta ɗaga hannu har wajen aji, ana dariya. Kwamiti, wanda aka taɓa ba lambar girma saboda unguwarsa ta fi kowace fitowa zaɓe, ya shiga nazarin takalminsa.

Malamar ta duba katin zaɓen Mai Rini, ta ga babu hatimi, ta miƙa mata takarda mai sunaye da yawa. Mai Rini ta shiga bayan labule, wanda ta lura yana bukatar rini, ta dangwala, ta fito ta jefa. Sai malamar ta tsaya da kwalbar tawada a hannu, ta rasa inda za ta sa a gani.

Mai Rini ta ja ɗankwalinta baya ta nuna tsakiyar goshi. "Nan. Ki sa da kauri."

Ta koma gida ta cikin kasuwa, hanyar da ta fi nisa. Washegari ta fito da kujera ƙofar gida ta zauna, goshi a buɗe, tana jiran masu duba. Da hantsi ya yi ba wanda ya zo, sai ta aika a kira mata Kwamiti.