Ƙosan ciyarwa

Ɗiyata ta fari tana aji biyar na firamare aka gano tana da ciwon suga. Daga nan allura ta shigo gidanmu a Bungudu, safe da yamma. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma ya ishe ni duba lambar da ɗan injin gwaji ke nunawa.

Allura ba ta taɓa sa ta kuka ba, azumi ne ya sa ta. A Islamiyya yara kan tambayi juna nawa aka kai, ita kuwa likita ya hana ta. Wata safiya na yi mata allura na ba ta koko, ashe bayan ɗaki ta zagaya ta zubar. Kafin azahar sai ga ƙawarta, ɗiyar maƙwabtanmu, ta riƙo ta, jikinta na rawa, zufa ta jiƙe hijabi. Ƙawar ce ta tura mata dabino a baki tun a hanya. Ban yi faɗa ba, amma na san za ta sake, kuma ba kullum za a dace ba. Na koma leƙen bayan ɗaki kowace safiya.

Ranar ganin likita a Gusau muka zauna benci ɗaya da wata mai ɗinki daga Tsafe, da goyonta. Ta ɗan juya baya tana cin dafaffen ƙwai da rana tsaka. Na ɗauka shayarwa ce, sai na hangi irin allurarmu a jakarta. Ɗiyata ta ƙura mata ido.

"Ƙanwata, kallon na mi ne?" in ji matar, tana dariya. "Ciwonmu guda."

Ta ce ita ma ta yi azumin ɓoye tana yarinya, har ta ci Sallah a gadon asibiti. Malaminsu ne ya ganar da ita cewa mai ciwon da ba ya rabuwa da shi ciyarwa yake yi, kuma Allah ya karɓa.

Muna isowa gida ɗiyata ta ce, "Inna, akwai wake?"

Kullum bayan la'asar ita da ƙawar ke surfe da kai niƙa. Ƙawar na azumi, don haka ɗanɗana gishiri sai ɗiyata, tana yi tana yanga. Ƙawar kan ce mata acici, su yi ta dariya. In sun soya ƙosan, su rufe kwano su kai wa wata tsohuwa a ƙarshen layinmu.

Daga baya na ji an sake tambayarta nawa ta kai. Ƙawar ce ta amsa, ta ce a je a tambayi wadda ke shan ruwa da ƙosanta.

Ban san ranar da na daina leƙen bayan ɗaki ba. Na dai lura kofin koko na dawo mini a wanke, bayan ta shanye a gabana.