Faifan Abba da ramin hanyar Zariya

Shekara biyar ke nan da rasuwar Abbana. Ina 'yar shekara goma aka binne shi a nan jihar Virginia, ƙasa duk ta daskare. Mutane na tuna shi da aikin injiniya da sahun gaba a masallaci. Ni kuwa faifan garmaho guda ɗaya nake tunawa.

Yana ɗalibi a Skotland ya saye shi. Faifan farko ne na wasu samarin can, waɗanda suka ɗauko tsohon kiɗan Turawa suka buga shi da jita da ganguna da ogan mai kama da piyano. Waƙa ɗaya takan yi tsawon da shayi zai huce. Duk Asabar sai ya sa shi a falonmu na garin Manassas, ni ina gefe ina aikin makaranta, ina satar kallonsa. Ban cika magana ba, shi ma bai taɓa matsa mini ba. Zaman nan shi ne hirarmu.

Faifan ya ƙarje a wuri guda, allura takan maƙale tana maimaita abu ɗaya. Sai ya ce, "Nana, riƙe kujera, ga ramin hanyar Zariya." Ya ɗora tsohon kwabo mai huji a kan allurar, ta wuce. Umma takan leƙo daga kicin ta ce, "Alhaji, wannan ba kiɗa ba ne, hayaniyar tasha ce."

Da aka zo raba kayansa, Baffa, wan Abba, ya ɗaga faifan da yatsu biyu ya ce kayan kiɗa ba abin bar wa marayu ba ne, a fitar da shi kada ya zame wa mamaci nauyi. Umma tana takaba, kanta a sunkuye. Na so in yi magana, kunya ta riƙe ni. Washegari babu faifai, babu garmaho.

Yau da Abba zai dawo, zai tarar ana jin waƙar a waya, tas, ba ƙarjewa. Ban san ko zai yi murna ba. Ni na saurara sau ɗaya na kashe, don ta wuce wurin ramin ba ta tsaya ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne muryarsa ta fara ɓace mini. Fuskar tana hoto, amma muryar a wurin ramin nan kaɗai nake samunta.

Bana haya ta fi ƙarfinmu, muna shirin komawa ƙaramin gida a garin Laurel. Ina taya Umma kwashe akwatin zannuwanta na ga garmahon a ƙasa, faifan a naɗe cikin mayafi. Na dube ta, ta kau da kai.

"Gwada, ki ga ko yana aiki," in ji ta.

Ya yi aiki. Muka zauna cikin kwalaye har allura ta maƙale. Babu kwabon, ban san inda ya shiga ba. Ta yi ta maimaitawa, babu wanda ya tashi.

Can sai Umma ta ce a hankali, "Nana, riƙe kujera."

Ba muryarsa ba ce. Amma har inda yake jan sunana ta ja. Allah ya jiƙan Abba, ya sa ya huta.