Fadamar Malam Nata'ala a Woolwich

Malam Nata'ala ya tsufa a fadamar Yawuri, yana noman albasa a bakin kogin Kwara. Idan ana zancen ruwa ba a ja da shi. Kogi a wurinsa abu ne mai alkawari: ya cika da damina, ya janye da rani, ya bar wa talaka laka ya shuka.

Shekarar da ambaliya ta cinye gonarsa da rumbunsa, 'yarsa Karimatu, wadda ke aikin jinya a London, ta matsa masa ya zo ya huta. Ya zo, amma hutu ba ya cikin jininsa. A aljihun rigarsa akwai ɗan ƙullin irin albasa da ya gada wurin mahaifinsa, kuma shi kaɗai ya rage.

Washegarin isowarsa ya fita miƙe ƙafa a unguwar Woolwich, sai ga kogin Thames ya janye, ya bar laka baƙa wuluk, shimfiɗe har iya ganinsa, tsuntsaye na ta caccaka. Mamaki ya kama shi. Fadama irin wannan, ba ko mutum ɗaya da fartanya! Lallai Turawa sun ƙoshi.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya sauka ta matakala, ya gyara wuri da hannu, ya yi bismilla, ya zuba irin duka.

Da la'asar ya jawo Karimatu ta zo ta ga gonarsa. Suna isowa ya tsaya cak. Babu laka, babu rabin matakalar. Ruwa ya cika maƙil, kuma abin da ya fi razana shi, kogin baya yake gudu, yana komawa inda ya fito.

"Innalillahi! Dam suka saki?"

"Baba, tide ne," in ji Karimatu. "Teku ke turo ruwa, kullum sau biyu. Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Ya durƙusa ya ɗebo ruwan ya ɗanɗana, ya ji ɗan gishiri-gishiri. Ko ruwan ya bar irin a wurin, ya san albasa ba ta shiri da gishiri.

Tausayinsa ya kama Karimatu. "Kada ka damu, zan yi maka order ɗin wani iri online."

Ya juyo ya dube ta.

"Karimatu, a wace kasuwa ake sayar da albasar kakanki?"